Shayi, azurfa da mayen ƙarfe: tambayoyi da amsoshi kan binciken Rajender Varma

A shekarar 2008 mujallar Green Chemistry ta buga wani gajeren rahoto daga ɗakin gwaje-gwajen Hukumar Kare Muhalli ta Amurka da ke Cincinnati. Masana biyu, Mallikarjuna Nadagouda da Rajender Varma, sun ce sun haɗa ƙwayoyi masu matuƙar ƙanƙanta na azurfa da na faladiyom, wani ƙarfe mai tsada, da taimakon ruwan shayi da na kofi, ba tare da an ɗumama haɗin ba. Sunan Varma ya daɗe yana yawo a bakin ɗaliban kimiyyar sinadarai, har da na jami'o'inmu, amma da yawa labarin shayin kaɗai suka sani.

Wane ne Rajender Varma?

Haifaffen Indiya ne a 1951. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Delhi a 1976, ya wuce Liverpool ta Ingila ƙaro bincike, daga nan ya yi aiki a jihar Texas ta Amurka, a Kwalejin Likitanci ta Baylor da Jami'ar Sam Houston. A 1999 ya koma Hukumar Kare Muhalli. Daga baya ya riƙa aiki tare da masu binciken Jami'ar Palacký da ke Olomouc a Jamhuriyar Cek.

Lokacin da ya shiga hukumar yana da muhimmanci. Shekara guda kafin nan, a 1998, Paul Anastas da John Warner suka fitar da ƙa'idoji 12 na haɗa sinadarai ba tare da ɓata muhalli ba. Jigonsu shi ne a daina jiran dattin masana'anta ya fito sannan a nemi inda za a zubar, a tsara aikin tun farko yadda dattin ba zai samu ba. Wani masanin sinadarai, Roger Sheldon, ya riga ya nuna girman matsalar da lissafi: a masana'antar magunguna, kowane kilo ɗaya na magani yakan bar kilo 25 zuwa sama da 100 na shara, kuma mafi yawanta ruwan narkar da sinadarai ne.

Me ake nufi da ƙwayoyin nano, kuma me ya sa ake damuwa da ƙanƙantarsu?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin mutum ya kai wajen nanomita 80,000. Ƙwayoyin da ake magana a kansu suna tsakanin nanomita 1 zuwa 100, waɗanda Varma ya samu daga shayi da kofi kuwa 20 zuwa 60 ne.

Amfanin yana cikin faɗin fuska. Ɗauki ɗan curin ƙarfe mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, fuskokinsa shida duka murabba'in santimita 6 ne. Idan aka daddatsa shi zuwa gutsattsari masu nanomita 10, nauyin bai canja ba, amma fuskar da ke buɗe ta koma murabba'in mita 600. Sinadarai kuwa a kan fuska suke haɗuwa, abin da ke binne a tsakiyar curi zaman banza yake yi.

Har halin ƙarfen yakan sauya. Zinariya a wannan girman ja take zama a cikin ruwa, Michael Faraday ya bayyana haka tun 1857. A 1987 kuma Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa zinariyar da aka ɗauka ba ta shiga harkar kowane sinadari, idan ta yi ƙanƙanta sosai, tana mayar da iskar kabon monoksaid mai kisa zuwa kabon dayoksaid ko da a cikin sanyi mai tsanani. Wato ta zama katalis.

To mene ne katalis?

Abu ne da ke hanzarta haɗuwar sinadarai ba tare da shi ya ƙare ba. Kamar dillali yake a kasuwar kara, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, ya juya ga na gaba, sai dai shi ba ya karɓar la'ada. Da katalis na ƙarfe ake haɗa amoniyar da ake yin takin zamani da ita. Filatinam da faladiyom da rodiyom ne a cikin tukunyar salansar mota suke rage gubar hayaƙi. Kyautar Nobel ta 2010 ma, wadda Heck da Negishi da Suzuki suka samu, a kan amfani da faladiyom ne wajen ɗaure kabon da kabon, hanyar da ake bi a haɗa magunguna da yawa.

Da shayin Varma ya fara?

A'a. Abin da ya fara fito da sunansa na'urar ɗumama abinci ce ta maikirowef, irin ta kicin. Tun 1986 wasu masana a Kanada da Amurka suka gwada haɗa sinadarai a cikinta, amma ruwan narkarwa mai kama wuta a rufaffen kwano yakan jawo fashewa. Varma yana cikin waɗanda suka ce a cire ruwan gaba ɗaya. Sai a shafa sinadaran a jikin garin yumɓu ko alumina ko silika, a saka a na'urar a bushe. Aikin da kan ci sa'o'i ana tafasawa sai ya kammala cikin mintuna. Bitar da ya rubuta a kan haka ta fito a 1999, shekarar farko ta mujallar Green Chemistry, kuma har yau ana kafa hujja da ita.

An daɗe ana gardama ko hasken maikirowef yana da wani sirri na daban. Binciken Oliver Kappe a Graz ta Ostiriya ya nuna cewa galibi zafi ne kawai, mai shiga da sauri.

Ta yaya ruwan shayi ke haɗa azurfa?

Ba ƙirƙirar azurfa yake yi daga babu ba, kada wani ya tafi sayen ganyen shayi buhu-buhu. Ana farawa da gishirin azurfa, silba naitiret, narkakke a ruwa, garau kamar ruwan famfo. A wannan hali kowace ƙwayar zarra ta azurfa ta rasa ilektiron ɗaya, wato ɗan ƙaramin ɓangarenta mai ɗauke da cajin lantarki. Sai an mayar mata da shi take komawa ƙarfe. A hanyar da aka saba, sodiyom borohaidiraid ko haidirazin ake zubawa su ba da ilektiron ɗin, na farkon yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, na biyun guba ne da ake zargi da jawo kansa. Bayan haka sai an ƙara wani sinadari da zai lulluɓe ƙwayoyin kada su dunƙule.

Shayi yana ɗauke da sinadaran folifenol, su ne ke sa baki ya yi ɓauri idan ganye ya daɗe a tukunya. Su suke ba da ilektiron, kuma su suke manne wa ƙwayoyin su hana su curewa. Aiki biyu ke nan a hannu ɗaya. Mai gwajin yana gani da idonsa: ya ɗiga ruwan shayi, ya girgiza, ruwan ya juya ruwan ɗorawa, ya yi duhu zuwa ƙasa-ƙasa. Varma da abokan aikinsa sun maimaita wannan da bitamin B2, da ruwan bitirut, da ragowar inabin da aka matse aka zubar.

Ba shi ya fara amfani da tsirrai ba. A 2002 Jorge Gardea-Torresdey na El Paso ya ga ƙwayoyin zinariya a cikin tsiron alfalfa mai rai, kuma a 2004 ƙungiyar Murali Sastry a Pune ta Indiya ta yi da ganyen dogon yaro. A 2011 masana a Jami'ar Connecticut suka yi da jiƙon dusar dawa.

Ina mayen ƙarfe ya shigo?

A ganina nan ne aikinsa ya fi nauyi, ko da yake bai kai shayin daɗin labari ba. Katalis mai narkewa a ruwa yana aiki sosai, amma raba shi da abin da aka haɗa wahala ce, ga faladiyom da tsada, ga dokar da ta taƙaita burbushinsa a cikin maganin da mutum zai sha. Katalis mai ƙanƙantar nano kuma yana zurarewa ta matata. Varma da Vivek Polshettiwar sun ɗaura katalis ɗin a jikin ƙwayoyin ferait, wato haɗin ƙarfe da iskar oksijin da maye ke ja. Idan aiki ya ƙare, sai a kara mayen ƙarfe a gefen kwalba. Baƙin garin ya taru a bango cikin ɗan lokaci, a tsiyaye ruwan, a ɗauraye garin, a sake zuba sabon haɗi. A 2009 sun yi wannan da gulutatayon, sinadarin da ke cikin jikin ɗan Adam, a matsayin katalis, suka yi aikin a cikin ruwa zalla.

Shin duk abin da aka haɗa da ganye ba shi da illa ke nan?

Ko kusa. Ganyen ya maye gurbin sinadari ɗaya ko biyu ne kawai. Azurfar daga rami aka haƙo ta, kuma idan ta shiga kogi tana kashe ƙananan halittun ruwa ko da shayi aka haɗa ta ko da me.

Misali mafi kyau daga aikin Varma kansa ya fito. A 2009 shi da abokan aiki daga kamfanin VeruTEK sun ba da rahoton samar da ƙwayoyin baƙin ƙarfe da taimakon koren shayi, waɗanda suka taimaka wa haidirojin feroksaid wajen wargaza wani rini a cikin ruwa. An ɗauka zallar ƙarfe ne. A 2014 masanan Olomouc, da sunan Varma a cikin marubutan, suka sake aunawa da na'urori masu zurfi, suka ga cewa ƙarfen ɗaure yake da folifenol, bai koma zallarsa ba, kuma yana cutar da wasu ƙananan halittun ruwa. Wannan haɗi na ƙarfe da sinadarin ɓauri ba baƙo ba ne ga dukawa, shi ne baƙin da ke fitowa idan ruwan ƙarfe ya taɓa fatar da aka jeme da bagaruwa.

Ɗalibin da ke son bin wannan layi, me zai kula da shi?

Rahotannin da aka buga a wannan fanni sun yi yawa, kuma kaso mai tsoka bambancinsu sunan ganye ne kawai: wannan zogale, wancan gwanda, ɗayan mangwaro. Ruwa ya canja launi, an ɗauki hoto, an ce an samu ƙwayoyin nano. Canjin launi alama ce, ba shaida ba. Azurfar nano tana shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 400 zuwa 450, to a auna wannan, sannan a duba girma da siffa da madubin ilektiron mai ƙara girman ƙananan abubuwa, a tabbatar da ƙarfe ne da gwajin hasken eksire.

Babbar matsalar kuma ita ce maimaituwa. Ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne a yawan folifenol, na Zariya da na Maraɗi ma haka, ƙwayoyin da za su fito sai su sha bamban a girma. Masana'anta ba ta sayen abin da yau ya fito nanomita 20, gobe 70. Wanda ya auna abin da ke cikin jiƙonsa, ya gano wane sinadari ne ke ba da ilektiron, ya gwada katalis ɗinsa sau da yawa ya rubuta inda ƙarfinsa ya fara raguwa, ya kuma auna yawan ƙarfen da ya zube a cikin ruwan da ya zubar, shi ne ya kawo abin da wani ɗakin gwaji zai iya ɗauka ya ɗora a kai.