Zato Kaɗai Ya Isa a Kai Rahoto

Idan yaron da bai kai shekara 15 ba ya kwana lafiya, gari ya waye ƙafarsa ta saki, ba ya iya taka ta, ma'aikacin lafiyar da ya fara ganinsa ba shi da hurumin cewa a bari a ga abin da hali zai yi. Wajibi ne ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka nan take. Za a ɗauki bahayan yaron sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin sanyi a aika ɗakin gwaji a duba ko shan inna ce. Galibi sakamakon kan nuna ba shan inna ba ce, kuma ba a yi wahalar banza ba. Cikin mutum 200 da suka kamu da ƙwayar shan inna, kusan ɗaya ne kawai take shanye wa gaɓa, don haka yaro guda da ya bayyana yana nufin akwai wasu da yawa da ke yaɗa ta ba su sani ba.

Abin da nake so jama'a su riƙe ke nan: ba a jiran tabbaci kafin a kai rahoto. Kusan kowace ƙasa tana da jerin cututtukan da doka ta wajabta sanarwa a kansu. Wasu, irin su kwalara, ƙyanda, zazzaɓin shawara da zazzaɓin da ke sa zubar jini, a ranar da aka yi zargin su ake sanarwa. Wasu kuma ana tara alƙalumansu ne mako-mako ko wata-wata. Ko asibiti bai ga komai ba, sai ya rubuta sifili ya aika, domin shiru yana iya zama lafiya, yana kuma iya zama sakaci, kuma mai karɓar rahoto ba shi da yadda zai bambance. A ƙasashe da dama jerin ya haɗa har da mutuwar mace wajen haihuwa, wadda ba cuta ce mai yaɗuwa ba.

Ƙasashe ma akwai wadda suke kai wa rahoto. A ƙarƙashin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda suka fara aiki a 2007, ƙasa tana da awa 48 ta tantance lamari, sannan awa 24 ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya idan ya kai mizanin da zai iya zama barazana ga sauran ƙasashe. Agana, duk da an kawar da ita tun 1980, har yau tana cikin cututtukan da ko mutum ɗaya aka gani sai an faɗa. An ga illar jinkiri a Afirka ta Yamma: Ebola ta ɓulla a Gini a Disambar 2013, ba a gane ta ba sai Maris na 2014, kuma kafin a shawo kanta ta kashe sama da mutum 11,000.

Na san abin da ke hana mutane magana. Ana tsoron a killace gida, ana tsoron tsangwamar maƙwabta, wani kuma gani yake tonon asiri ne. Tsoron yana da dalili, kuma ma'aikacin da ya saki baki a kan sirrin majiyyaci ya ci amanar aikinsa. Amma a ƙa'ida sunan mara lafiya yana tsayawa ne a hannun jami'an da ke bin sawun cutar. Abin da ake fitarwa ga jama'a adadi ne da yanki. Ɓoyewa kuwa ba ta kare kowa. Mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, kuma cikin mutum goma marasa rigakafi da suka zauna da shi, tara na iya kamuwa.

Saboda haka idan kuka ga mutane da dama sun kwanta da ciwo iri ɗaya a lokaci guda, ko babba yana gudawa kamar ruwan shinkafa, ko wani ya mutu farat ɗaya bayan zazzaɓi da zubar jini, ku garzaya cibiyar lafiya mafi kusa. Za a tambaye ku ranar da ciwon ya fara, inda mara lafiyar ya je kwanan nan, da waɗanda suka yi jinyarsa ko suka taɓa gawar. Ku faɗi sunayen duka, har da wanda ya zo dubiya ya koma wani gari.