Masu ɗora hoto a kan kakin zuma, ku daina dafa kaki har ya yi hayaƙi

Masu zane da narkakken kakin zuma sun yawaita zuwa wurinmu a asibiti, kuma koken duk iri ɗaya ne: ciwon kai, idanu jajur, ƙaiƙayin maƙogwaro, ga tari mai hana barci. A ina ake aikin? A ɗaki. Taga a buɗe? A'a, wai ƙura za ta faɗa kan kakin. Wutar fa? An ƙure ta don ya narke da wuri. Haba jama'a!

Sana'ar ba ta da laifi. Tun zamanin da Rumawa ke mulkin Masar ake zana fuskokin mamata da kaki, ga hotunan da aka samo a yankin Fayum na Masar nan kusan shekara 2,000 launinsu na nan. Gaggawarku ce matsalar.

Kakin zuma na narkewa a digiri 62 zuwa 64 na ma'aunin Salshiyas. Wanda aka haɗa da wani ƙaron itace da ake kira damar kuwa, 80 zuwa 95 ya ishe shi. In aka zarce har ya fara hayaƙi, ya soma lalacewa ke nan, yana fitar da sinadarai masu guba, akrolin da fomaldehaid, kuma su ne ke cin ido da huhu. Ƙamshin zumar nan ne ke yaudararku. Mai asma kam kada ma ya zauna a ɗakin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ɗora hoton ba ya bukatar wannan zafin. Ka buga hotonka da firinta ta leza ko injin fotokwafi, ka kifa shi a kan kakin da ya daskare sumul da ɗan ɗuminsa, ka goge bayan takardar da bayan cokali sosai. Sai ka jiƙa ta, ka riƙa murzawa da yatsa tana fita ɓurɓushi-ɓurɓushi, baƙin hoton ya zauna a jikin kakin. Daga nan ka ɗan gilma na'urar hura zafi har kakin ya yi sheƙi, shi ke nan. In ka daɗe a wuri ɗaya hoton zai tsattsage ya yi iyo, fuskar mutum ta karkace. Ga asarar aiki, ga ƙirji na zafi, me aka ci?

Na san kuna ƙaunar aikin nan, ni ma in na ga wanda ya yi kyau sai na tsaya kallo. Amma don Allah:

- Ku sa ma'aunin zafi a kan farantin narkarwa, ku daina kintace.
- Ku buɗe taga, fanka ta riƙa jan iska zuwa waje. Takunkumin yadi ba ya tare wannan tururin.
- Kada ku narkar da kaki kai tsaye a kan harshen wuta, kada ku bar shi ku fita.
- In ya kama da wuta, a kashe abin da ke dafa shi a rufe da murfin ƙarfe. Ban da ruwa, fantsama zai yi.
- In ya zuba a fata, a sa wurin a ruwan sanyi mai gudu na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, kuma kada a ɓamɓare kakin da ƙarfi.

Wanda numfashinsa ke sarƙewa, ko ƙunar ta taɓa fuska ko ta kai faɗin tafin hannu, a kawo shi asibiti a ranar, kada a ce sai gobe.