Gasar kamfanonin ƙera motoci: me ke ɗaga wani, me ke kayar da wani?

A kowace shekara ana sayar da sababbin motoci wajen miliyan 90 a duniya, kuma kamfanoni ƙalilan ne suka kankane mafi yawan kasuwar. Toyota kaɗai takan sayar da sama da miliyan 10, Volkswagen na biye da ita da kusan miliyan 9. Ga wasu tambayoyin da akan yi kan yadda ake wannan kokawa.

Me ya sa kamfanonin mota ke haƙilon sayar da motoci da yawa, alhali ribar kowace ɗaya ba ta taka kara ta karya ba?

Saboda kuɗin da ake narkarwa kafin mota ta farko ta fito daga masana'anta. Zana sabuwar mota, gwada ta, sassaƙa ƙarafan da za su riƙa buga jikinta, shirya injinan haɗawa, duk wannan yakan ci dala biliyan ɗaya ko fiye, a shafe shekara uku zuwa biyar ana yi. Wannan kuɗi ya riga ya tafi, ko an sayar da mota dubu hamsin ko miliyan biyu. Wanda ya raba nauyin a kan miliyan biyu, kowace motarsa ta ɗauki kaɗan, sai ya samu damar karya farashi kuma ya ci riba.

Henry Ford ne ya fara nuna wa duniya haka. Ya fito da Model T a 1908 a kan kusan dala 850. A 1913 ya kafa layin da ke jan mota ta bi ta gaban ma'aikata, kowa na tsaye a wurinsa yana ɗaura abu ɗaya. Kafin tsakiyar shekarun 1920 farashin ya sauko ƙasa da dala 300, kuma zuwa 1927 an ƙera sama da miliyan 15. Lissafin bai canja ba har yau, sai dai an ƙara masa wayo. Volkswagen na ɗora Golf da Audi A3 da Skoda Octavia a kan ƙashin gini guda, jiki da tambari da farashi ne suka bambanta.

To in araha ce ke jawo kasuwa, ta yaya General Motors ta sha gaban Ford?

Ford ya nace wa mota iri ɗaya har mutane suka ƙoshi da ita. Alfred Sloan, wanda ya ja ragamar General Motors tun daga 1923, ya lura cewa mai saye in ya samu buɗi yakan so a gani a motarsa. Sai ya jera motocin kamfanin kamar matakala: Chevrolet a ƙasa, sai Pontiac, Oldsmobile, Buick, Cadillac a ƙololuwa. Mutum zai yi ta hawa har ya tsufa bai bar gidan ba. Suka haɗa da sauya fasalin mota duk shekara, da kuma bayar da ita bashi a biya kaɗan-kaɗan ta hannun reshensu na kuɗi da suka kafa a 1919. Da wannan suka karɓe kambun, suka riƙe shi sama da shekara saba'in.

Mene ne Japan ta zo da shi da ya rikita lissafin?

Talauci ne ya koya wa Toyota dabara. Bayan yaƙin duniya na biyu ba ta da jarin da za ta jibge kayan gyara a rumbu kamar yadda Amurkawa ke yi. Injiniyanta Taiichi Ohno ya tsara cewa kowane sashe ya iso daidai lokacin da za a ɗaura shi, kuma duk ma'aikacin da ya ga kuskure yana da ikon jan igiya a tsayar da layi a gyara nan take. A ido kamar ɓata lokaci ne. Amma kuskuren da aka kama a layi ya fi arahar gyara nesa ba kusa ba, a kan wanda aka gano bayan motoci dubu ɗari sun shiga hannun jama'a.

Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, ƙananan motocin Japan masu tsimin mai suka samu ƙofa a Amurka, kuma da suka shiga ba su fita ba. A 2008 Toyota ta wuce General Motors a yawan sayarwa, a 2009 kuma General Motors da Chrysler suka durƙushe har sai da gwamnatin Amurka ta tallafe su. Tsarin Ohno ma yana da lagonsa, don a 2021 da ƙananan na'urorin lantarki da ke sarrafa mota suka yi ƙaranci, masana'antu da dama sun tsaya cak saboda ba su da ajiya.

Tunda girma na da amfani haka, haɗewar kamfanoni ba ita ce gajeriyar hanya ba?

A takarda, ita ce. A zahiri auren yakan mutu. Daimler ta Jamus da Chrysler ta Amurka sun haɗe a 1998, suka yi hannun riga a 2007, bayan an kasa daidaita halin mai ƙera Mercedes da na mai neman araha. Honda da Nissan sun fara zawarci a Disamban 2024, zuwa Fabrairun 2025 magana ta watse, domin Nissan ta ƙi zama reshe a ƙarƙashin Honda. Stellantis, wadda aka haifa a 2021 daga Fiat Chrysler da kamfanin Peugeot, ta tara tambari 14 a gida ɗaya, kuma a ganina ciyar da baki 14 da sababbin motoci ba ƙaramin aiki ba ne.

Inda kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu shi ne inda mai saye ya zuba jari ya ja gefe. Geely ta China ta sayi Volvo daga hannun Ford a 2010 kan dala biliyan 1.8, ta bar injiniyoyin Suwidin suna aikinsu, ita kuma ta kwashi ilimi. Hyundai da ta karɓi Kia a 1998 yau ita ce ta uku a duniya.

Me ya sa motar lantarki ta ɗaga wa tsofaffin kamfanoni hankali?

Domin ta rushe katangar da ta kare su shekara ɗari. Ƙera injin fetur mai ƙarko da akwatin giya sana'a ce mai wuyar koyo, shi ya sa baƙo ba ya shigowa cikin sauƙi. A motar lantarki kuwa batir ne abu mafi tsada, kuma yawancin tsofaffin kamfanonin sayo shi suke yi daga wasu, musamman CATL ta China da ke riƙe da sama da kashi ɗaya cikin uku na kasuwar batirin. BYD, ita ma ta China, ta faro ne a 1995 tana yin batir, sai a 2003 ta shiga harkar mota. Wato abin da kowa ke saye da tsada, ita a gida take dafa shi. A 2022 ta daina ƙera motar da ke amfani da fetur zalla, a 2024 ta sayar da sama da miliyan 4. Tesla ta bi wata hanyar, ta tsallake dillalai tana sayarwa kai tsaye, tana sabunta manhajar mota ta intanet, ta kuma gina wuraren cajinta da kanta.

Tsohon kamfani ya zama gaba kura baya sayaki. Motar fetur ce ke kawo masa kuɗi, amma dole ya kwashi ribarta ya zuba a abin da zai kashe ta. Sashen lantarki na Ford ya yi asarar kusan dala biliyan 5 a 2024 kaɗai. Toyota, wadda aka yi ta yi wa gorin nawa wajen rungumar motar lantarki, ta jingina da motoci masu haɗa fetur da batir da ta fara tun Prius a 1997, kuma zuwa yanzu ba ta yi nadama ba.

Harajin shigo da kaya zai iya tare motocin China?

Yana rage musu gudu. A 2023 China ta wuce Japan a fitar da motoci waje, a 2024 Amurka ta ɗora harajin kashi 100 a kan motocinta na lantarki, Tarayyar Turai kuma ta ƙara nata har zuwa kusan kashi 35 a kan kashi 10 na da. Sai dai an taɓa ganin irin wannan. Da Amurka ta matsa wa Japan ta taƙaita motocin da take turowa a 1981, Honda ta fara ƙera mota a jihar Ohio a 1982, sauran suka biyo baya, suka zama 'yan gida. BYD ta ɗauki wannan hanya, ta kafa masana'anta a Tailan da Brazil, ta kuma zaɓi Hungary domin ta riƙa ƙera mota daga cikin Tarayyar Turai.