Daren Burns: Tambayoyi da Amsoshi Kan Bikin Mawaƙin Sukotlan

Wane ne ake yi wa wannan biki?

Robert Burns ne, manomi kuma marubucin waƙoƙi da aka haifa a ƙauyen Alloway ranar 25 ga Janairu, 1759, ya rasu a garin Dumfries a 1796 yana da shekara 37. Abin da ya sa mutanen Sukotlan suka riƙe shi kamar nasu shi ne yawancin waƙoƙinsa ya rubuta su ne da harshen Sukot, wato maganar manoma da talakawa, a lokacin da masu ilimi suke ganin Ingilishin Landan ne kaɗai ya dace da adabi.

Yaushe aka fara bikin?

Abokansa ne suka fara taruwa a gidan da aka haife shi a watan Yuli na 1801, domin tunawa da cikarsa shekara biyar da rasuwa. Daga baya aka mayar da taron zuwa ranar haihuwarsa, har ma aka yi kuskure da farko aka ɗauka 29 ga Janairu ce, kafin a duba rajistar coci a gyara.

Me ake ci a daren?

A nan ne zuciyar bikin take. Abincin da ake kira hagis kayan cikin tunkiya ne, wato zuciya da hanta da huhu, da ake niƙawa a haɗa da albasa da kitse da wani hatsi mai kama da alkama, a cusa cikin tumbi a dafa. Abincin talaka ne tsantsa, amma a wannan dare ana shigo da shi a faranti, mai busa algaitar Sukotlan yana gaba, baƙi kuma suna tsaye kamar sarki ne ya iso. Sai wani ya miƙe ya karanta waƙar da Burns ya yi wa hagis a 1786, kuma idan ya kai baitin da aka ambaci wuƙa, ya zare wuƙarsa ya farke tumbin a gaban jama'a. Ana cinsa da dankalin turawa da aka daka, wasu kuma suna haɗawa da giyar wiski. Abin mamaki, Amurka ta hana sayar da huhun tunkiya a matsayin abinci tun 1971, don haka Sukotawan da ke can sukan yi nasu ba tare da shi ba.

Ban da ci, me ake yi?

Ana gabatar da jawabi kan rayuwar mawaƙin, sannan namiji ya yi jawabin raha ga mata, mace kuma ta mayar masa da martani, sau da yawa da zafin da ya fi nasa. A ƙarshe kowa ya riƙe hannun na kusa da shi a rera Auld Lang Syne, waƙar da ake rerawa a ƙasashe da dama a daren shiga sabuwar shekara.