Karas ba ya son cunkoso

Jama'a masu lambu, yawancin karas ɗin da ke fitowa siriri ko a murɗe, ba laifin iri ba ne. Cunkoso ne ya jawo.

Amfanin tudun shuka, wato ƙasar da aka tara aka kewaye da katako ko bulo, shi ne laushi. Saiwar karas tana buƙatar zurfin kamar santimita 30 na ƙasa mai sako-sako. A tsince duwatsu, a farfasa dunƙule, don da zarar saiwar ta ci karo da tauri sai ta rabu biyu. Ɗanyen kashin dabbobi ma yana jawo hakan, a bar shi ya ruɓe tukuna. Kada faɗin tudun ya wuce mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya ba sai an taka ba.

Ana shuka karas ne a inda zai girma, ba a dasa shi. A ja layuka da tazarar santimita 15 zuwa 20, zurfin kada ya wuce santimita 1. Irin ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa gauraya shi da busasshen yashi yake taimakawa wajen yaryaɗawa. Sai haƙuri, tsirowa kan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma idan saman ƙasar ya bushe ya yi ɓawo a wannan tsakanin, tsiron ba zai iya fasowa ba. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum ya fi kwarara lokaci guda.

To, ga inda ake samun gardama. Idan tsiro ya kai kamar santimita 5, dole a rage shi, a bar santimita 5 zuwa 8 tsakanin kowane biyu. Mutum ya ga kore shar, sai ya ji kamar asara ce ya cire. Ni a ganina rashin ragewar ce asarar, don goma da suka matsu ba za su kai nauyin huɗu masu walawa ba. A yanke na cirewa da almakashi daidai ƙasa, ko a jiƙa ƙasar kafin a tuge, kada a girgiza na kusa.

Idan kan karas ya leƙo waje, a rufe shi da ƙasa, in ba haka ba rana za ta mai da shi kore mai ɗaci. Ban ruwa ya zama a kai a kai, don bushewa sannan a malala ruwa ita ke tsaga shi. Yawancin iri kan nuna cikin kwana 70 zuwa 80. A tuge ɗaya a duba kafin a girbe sauran.