Ba maƙogwaro ne ya hana biri magana ba

An daɗe ana cewa biri bai iya magana ba ne saboda maƙogwaronsa da harshensa ba su dace da ita ba. Har littattafan kimiyya sun yi ta maimaita haka. Tushen zancen wani bincike ne na masanin kimiyya Philip Lieberman a 1969, wanda ya auna bakin mataccen biri, ya ce ba zai iya fitar da wasula irin namu ba. To ai gawa ba ta motsa harshe.

A 2016 wani masanin, Tecumseh Fitch, da abokan aikinsa suka ɗauki hoton cikin bakin wani biri mai rai a Jami'ar Princeton ta Amurka, yana tauna, yana hamma, yana kuka. Da suka zuba siffofin a kwamfuta, sai ga wasula biyar da kunne ke bambancewa. Kayan furuci dai akwai su. Abin da biri ya rasa yana ƙwaƙwalwa: ikon juya murya yadda ya so da koyon sabon sauti daga bakin wani, abin da jariri ke yi tun bai yi tafiya ba.

Kukan nasu kuma ba hayaniya ba ce kawai. A gandun dajin Amboseli na Kenya, wani bincike na 1980 ya nuna wasu birai suna da kuka daban na damisa, na gaggafa, na maciji. In aka kunna musu na damisa a lasifika sai su haye bishiya, na maciji kuwa su miƙe tsaye suna duba ciyawa.