Yini guda a Salvador ta Bahia: tambayoyin fasinjan jirgin ruwa

Manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke bin gaɓar Barazil, galibi tsakanin Nuwamba da Afrilu, sukan yada zango a Salvador da safe su tashi da yamma. Awoyin ba su da yawa, garin kuma yana da faɗi.

Daga tasha, ta ina ake shiga tsohon gari?

Salvador gari ne mai hawa biyu. Tashar jirgi tana ƙasa a unguwar Comércio, tsohon gari kuwa yana bisa tudu. In ka fito ka bi titin Avenida da França ka yi kudu, tafiyar minti 10 zuwa 15 za ta kai ka kasuwar Mercado Modelo. Daura da ita akwai Elevador Lacerda, na'urar hawa mai tsayin mita 72 da aka buɗe a 1873. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma ƙasa da minti guda za ta dire ka a dandalin Tomé de Souza. Matsalarta layi. Ranar da jirage biyu suka haɗu, layin yakan miƙe tun da hantsi, don haka ka hau da wuri, ka bar cefanen tsaraba sai ka dawo. Kada gajen haƙuri ya sa ka hau tudun da ƙafa ta Ladeira da Montanha, hanya ce da ba jama'a, kuma baƙo shi kaɗai abin hari ne.

Me ya cancanci a gani a sama?

Daga dandalin ka bi Rua da Misericórdia zuwa Praça da Sé, ka wuce Terreiro de Jesus, sannan ka gangara Largo do Pelourinho. Wannan yanki shi ne zuciyar garin da ya kasance babban birnin Barazil daga 1549 zuwa 1763, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Gidajen masu fenti kala-kala suna ɗaukar ido, amma sunan wurin ba na ado ba ne: pelourinho shi ne turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a. Shuɗin cocin da ke gangaren, Rosário dos Pretos, baƙaƙen fata ne suka gina shi da hannunsu. Titunan dutse ne mai santsi da gargada, takalmi mai tsini ba nasa ba ne. Awa biyu zuwa uku sun isa.

Da gaske akwai tarihin Hausawa a nan?

Akwai, kuma shi ne babban dalilin da zai sa Bahaushe ya ba garin nan lokacinsa. Bayan ɓarkewar yaƙe-yaƙen jihadi a 1804, an sayar da kamammu da yawa daga ƙasar Hausa zuwa bakin teku, aka tsallaka da su Bahia. Ba su zauna shiru ba. A 1807 hukuma ta bankaɗo shirin tawayen Hausawa a Salvador, a 1814 kuma suka tayar da wani a Itapuã.

Mafi shahara shi ne tawayen Malê (sunan da ake kiran Musulmin Afirka da shi a Bahia), daren 24 zuwa wayewar 25 ga Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi. Musulmin Yarbawa ne suka fi yawa a cikinsa, da Hausawa tare da su, kimanin mutum 600. Asiri ya tonu kafin lokacin da suka tsara, sai faɗa ya ɓarke a wani gida da ke Ladeira da Praça, gangaren da ke sauka daga dandalin da na'urar hawa ta ajiye ka. An murƙushe su a Água de Meninos, gaban barikin sojan doki. A jikin waɗanda suka faɗi an sami fararen riguna da layu masu ayoyin Alƙur'ani, takardun kuma suna ajiye a gidan adana tarihin jihar Bahia. Ba kowane ɗan rakiya ne zai kawo zancen da kansa ba. Ka ce masa "Revolta dos Malês", zai gane.

Me Musulmi zai ci, ina kuma zai yi salla?

Matan da ke zaune da fararen kaya gaban kasko suna soya acarajé, wato ƙosai ne sak, sai dai da manja ake soya shi, a tsaga a cusa masa jatan lande da wani kwaɓi mai suna vatapá. In mai tuya ta tambaye ka "quente?", yaji take nufi, ba zafin wuta ba. Abará kuma alale ne a ganyen ayaba. A gidan abinci moqueca de peixe, miyar kifi da madarar kwakwa da manja, ita ta fi kwanciyar hankali. Ka guji feijoada, da alade ake dafa ta, garin rogon farofa ma sau da yawa ana soya shi da kitsen alade. Ka riƙe kalma biyu: "sem porco", ba alade. Akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré. Alƙibla tana gabas mai karkata arewa, wajen digiri 66 in an auna daga arewa.

Masu ɗaura zare a hannu fa?

Za su tare ka da siraran ƙyallaye na cocin Bonfim suna cewa "presente", wai kyauta. Da an ƙulla maka sai maganar kuɗi ta taso. Haka masu zana farin fenti a dantse, da masu tsayawa a ɗauki hoto da su. Ka ce "não, obrigado" ka ci gaba da tafiya, hannunka a jikinka. Agogo mai tsada da sarƙa su kwana a jirgi. Waya kuma ka shiga shago in za ka duba ta, fizge ake yi. Ka canza kuɗi kaɗan zuwa real, kuɗin Barazil, don ƙananan sayayya, sauran ka biya da kati.

Za a iya haɗa Barra da Bonfim a yini ɗaya?

Ka zaɓi ɗaya. Hasumiyar fitilar Barra tana kudu, Bonfim yana arewa, tasha na tsakiya, ga cunkoson motocin la'asar.

In jirgi ya tashi ya bar ni?

Jirgi yana jiran waɗanda suka fita rangadin da kamfaninsa ya shirya, ba ya jiran mai yawon kansa. Ana rufe shiga galibi minti 30 kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na gari. Wayarka kuwa na gari za ta bi. Salvador tana bayan Najeriya da Nijar da awa 4. Ka ɗauki hoton takardar shirin yini da ake sa maka a ɗaki, tana ɗauke da lambar wakilin jirgi na tashar. In an bar ka, shi za ka kira, kuma daga aljihunka za ka biya tikitin zuwa zango na gaba. Ka kasance a ƙasan tudu awa ɗaya da rabi kafin lokaci, ka ƙarasa ragowar a Mercado Modelo, inda ake taya kaya kamar kowace kasuwa.